Kwancin Na-Allah

Duk garin Malanville babu abin da Na-Allah bai sani ba, in dai daga bakinsa za ka ji. Shi ne ya nuna wa masu gyaran hanya inda suka yi kuskure, shi ne kuma ya taɓa gaya wa wani likita cutar da ke damun likitan kansa. 'Yan'uwansa uku fataken albasa ne, suna loda manyan motoci zuwa Cotonou. Shi kuwa 'yar rumfa gare shi ta tocila da igiyar cajin waya a bakin kasuwa, kuma rabin yini a rufe take, domin mai ita yana can teburin Seydou mai shayi yana koyar da jama'ar da ba ta ce a koya mata ba.

Takardar ƙunshin tsire ce ta jawo wannan labari. Wata rana ya sayi tsire, aka naɗe masa a wani shafi da aka yago daga tsohon ƙamus na Ingilishi, irin takardun nan da ke shigowa a buhu ta wajen Kamba. Ya cinye nama, ya lashe yaji, sai idonsa ya faɗa kan wata doguwar kalma da mai ya jiƙa. Na-Allah ko Faransancin lekol, wato makarantar boko, bai kai ya kawo ba, balle Ingilishi, don haka ya tare wani direba ɗan Ghana da ke jiran takardun duwan, wato kwastan. Direban ya juya takardar, ya ce kalmar kolikwamen ce, tsohuwa ce tukuf, Turawan ma sun daina faɗinta. Ma'anarta kuwa, ɗan abin nan na farko-farko da ke taruwa a cikin ƙwai, tun yana ruwa-ruwa, kafin ya zama ɗa.

Shi ke nan, Malanville ta shiga uku.

"Kun san kolikwamen?" ya tambayi mutanen teburin shayi washegari, tun kafin ya zauna.

Kadiri mai gyaran firigo, wato firiji, wanda shi kaɗai ke da ƙarfin tanka masa, ya ce, "Ɗan wane gari na?"

"Kun ji jahilci ko? Kolikwamen shi na mahwarin rai. Ni, kai, kaza, jaki, dut daga nan munka hito. Turawan da sunka raɗa mai suna sun mance shi. Yanzu duniyag ga mu biyu munka san shi, ni da wani direba, shi ko ya wuce Yamai."

"Allah shi kai shi lahiya," in ji Seydou. "Da madara ko baƙi?"

Da abin ya tsaya a teburin shayi da babu wanda zai yi asara sai Seydou, da ake cinye masa benci. To, amma a gidan Na-Allah akwai ƙwai na gaske, kuma ba nasa ba ne.

Matarsa Ruƙayyatu 'yar Garou ce, sana'arta gumin shinkafa, mace mai kawaici wadda ta shekara ashirin da biyar tana jin ilimin mijinta ba tare da ta kamu ba. Uwarta Kamila ta yi shekara arba'in tana kiwon wasu kaji jajaye masu gajerun ƙafafu, har a Garou ana ce musu kajin Kamila. Annoba ta shiga ta share su a mako guda, tsohuwar ma ba ta ƙara damina ba ta bi su. Kaza ɗaya tal ta tsira, ita ce Ruƙayyatu ta ɗauko a kwando bayan sadakar arba'in, ta riƙe ta a cinya a kan zem, wato babur ɗin haya, har gida. Durguwa take ce mata. Ba ta gaji zane ba, ba ta gaji gona ba, Durguwa ce kaɗai abin uwarta da ke hannunta, kuma a lokacin nan kazar ta saka ƙwai goma sha ɗaya ta hau kwanci, kwana uku ke nan.

Da hantsi, Ruƙayyatu tana bayan gida a duƙe kan tukunya, sai Na-Allah ya zaro tocila sabuwa daga kayan rumfarsa, ya rarrafa bakin akurki. So yake ya ga kolikwamen da idonsa. Ya zura hannu ya kama Durguwa ta fukafukai, ita kuwa ta juyo ta sare shi a karan hanci. Ya yi ƙara ya sake ta. Kazar da ba ta taɓa tsallake turmi ba, ranar nan ta tsallake katanga, ta dira tsakiyar hanya daidai lokacin da motar albasar yayansa take wucewa. Direban ma bai san ya yi kisa ba.

Na-Allah ya dawo riƙe da 'yan gashi jajaye, hanci yana jini, ya ce, "Kazag ga dama ba ta da natsuwa."

Ruƙayyatu ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi gashin, ta zauna a kan turmi, hawaye suka zubo, ta share da gefen zane. Daga nan ta je ta taɓa ƙwan, ta ji da sauran ɗumi, sai ta yafa mayafi ta nufi gidan maƙwabciyarta Salamatu, wadda kazarta ke neman kwanci. Al'adar unguwar sananniya ce: in ka sa ƙwanka a ƙarƙashin kazar wani, ranar ƙyanƙyasa a raba 'yan tsaki biyu, mai ƙwai rabi, mai kaza rabi. Salamatu ta yi mata ta'aziyyar kaza kamar ta mutum, ta ce ta je ta kawo.

Ta dawo ta tarar da akurki wayam. A zaure kuwa maza sun cika, an kafa wani mataccen firigo da Kadiri ya jefar tun bara, an zura masa ampul, wato ƙwan fitila, a ciki, wai ya zama injin ƙyanƙyasa, an ajiye kwanon ruwa a ƙasa, ƙwai goma sha ɗaya suna jere a kan buhu. Na-Allah yana tsaye a gefe da kwaɗo a hannu.

Ta kira shi daga bayan labule. "Malam, ba ni ƙwaina."

"In ba ki ki kai wa Salamatu ta kwashe rabi? Ɗiyan kazar Inna, a raba su awa goron suna? Ba ina raye ba. Injin ga ba ya amsar rabi. Sha ɗaya anka sa, sha ɗaya za ki ƙirga."

"Yaushe ka taɓa ƙyanƙyasar ƙwai?"

"Yaushe kaza tat taɓa shiga lekol? Amma tana yi. Ni da nis san sunan abin da ac ciki, ni za ni kasa?"

Gaskiya zancen rabon nan ya taɓa zuciyar Ruƙayyatu, domin ko gashi ɗaya na kajin uwarta ba ta so ya bar gidan. Ta yi jim, kuma jim ɗin nan ya ishi Na-Allah. Ya datse kwaɗo, ya rataya makulli a wuya. Kafin azahar labari ya kai wa Salamatu cewa an ce inji ya fi kazarta hankali, ita kuwa ta yi fushi ta zuba wa kazar ƙwan zabi ashirin. Wannan ƙofa ta rufe ke nan.

Bayan la'asar 'yan teburin shayi suka dawo kallo. Seydou ya ce tunda ga ƙwai ga malami, a nuna musu kolikwamen ɗin su ma su fita daga jahilci. Na-Allah ya ja ƙyauren zaure don a yi duhu, ya ɗora ƙwai a bakin tocila, suka haɗa kai suna leƙe.

"Kun gan shi?"

"Ni ƙwai ni ka gani," in ji Kadiri.

"Idonka na ba shi da ilimi."

"To, ara mani naka."

Aka yi dariya, dariya kuwa ita ce abin da Na-Allah ba ya iya haɗiyewa. Ya ce a miƙo masa faranti. Ya fasa ƙwan a ciki, ya haska. A kan gwaiduwar ga wasu siraran jijiyoyi jajaye, a tsakiyarsu wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba, yana bugawa, yana bugawa. Seydou ya ce, "Allahu akbar," a hankali. Shi kansa Na-Allah bai taɓa zaton abin da yake ta faɗi yana da zuciya ba. Suna kallo ɗigon ya yi ta raguwa har ya tsaya.

Kadiri ya ce, "Mun gani, malam. To, maida shi."

Ana cikin haka sai ga mai unguwa ya shigo da sandarsa, ya ce shi ma ya ji ana nuna abin mamaki, kada a ce an bar shi a baya. Ai ba a hana babba. Aka fasa na biyu.

Da safe Ruƙayyatu tana shara ta ga ɓawon ƙwai biyu a bayan ƙyaure. Ta ɗauka ta kai masa har inda yake karin kumallo.

"Waɗannan biyun ilimi ya ci su," ya ce, bai ɗago ba. "Tara sun hi sha ɗaya sauƙin kiwo."

Kwana biyu aka yi lafiya, har abin ya fara damunsa. Mutane sun rage zuwa, domin kallon rufaffen firigo ba ya riƙe kowa. Sai ya zauna ya yi lissafinsa na masu ilimi: kaza tana kwana ashirin da ɗaya ne saboda ɗuminta kaɗan ne, in aka ninka ɗumi, kwana sai ya ragu zuwa rabi. Ya kwance ɗan ampul ɗin da Kadiri ya sa, ya ɗaura irin babban nan da ake haska ƙofar magaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, da shi. Watan Afrilu ne kuwa, lokacin da a Malanville ko ƙadangare ba ya tsallake hanya da rana tsaka.

Kadiri ne ya fara jin ƙamshin tun daga waje. Ya shigo yana shaƙar iska, ya ce, "Wa ka dahuwa cikin zaure?"

Aka buɗe firigo, zafi ya bugo su. Kadiri ya ɗauki ɗaya daga cikin ƙwai ukun da ke kusa da ampul, ya yi ta jefa shi daga wannan hannu zuwa wancan, ya ƙwanƙwasa a goshinsa, ya ɓare.

"Kolikwamen ya nuna," ya ce. "A kawo gishiri."

"Waɗanga dama raggaye na," in ji Na-Allah, yana kwance ampul da gefen riga. "Injin shi ka zaɓe da kainai. Wanda bai iya jure zahi ba, mi za shi yi a garin ga?"

Saura shida. Maimakon ya yi shiru, sai bakinsa ya ƙara buɗewa. Ya shiga kasuwa yana gaya wa matan Garou da na Toumboutou masu kawo ƙwan zabi cewa su daina wahalar da kaji, ranar Asabar ta sama su zo ƙofar gidansa su ga 'yan tsakin da ba su da uwa sai kuran, wato wutar lantarki. Daga ranar, in ji shi, duk mai ƙwai ta kawo, zai buɗe izin, wato masana'antar ƙyanƙyasa, wanda za a riƙa jin labarinsa har Parakou.

Rana ta goma sha biyu da fara kwanci, iskar farkon damina ta taso da yamma ta kayar da falwayoyin unguwar guda huɗu. Kuran ya ɗauke, aka ce gyara sai an ga hali. Na-Allah ya taɓa ƙwai ya ji suna hucewa, ya rasa ta yi, sai ya ɗauko furnon da ake dafa shayi, ya cika shi da garwashi, ya tura a gindin firigo ya rufe. Bai san cikin firigo roba ce da soso ba. Kafin ya gama wanke hannu wani baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe zauren, ya fita ta taga.

"Gobara! Gobara gidan Na-Allah!"

Mata suka fito da bokitai. Salamatu ce a gaba, da ruwan wankin kifi, kuma har yau ana gardama a unguwar ko wutar ta nufa ko mai gidan, domin wutar tana dama shi yana hagu, amma shi ya sha ruwan duka. Ya kutsa cikin hayaƙi ya kwaso ƙwan a gaban rigarsa, santsi ya kwashe shi a bakin ƙofa, ya zauna daɓas. Biyu suka tafi a nan.

Ya miƙe, ɓawon kifi a gemu, ya dubi taron. "Wa yac ce ku kashe? Turaren kashe cuta na ni ka yi wa inji! Asabar tana nan yadda nic ce."

Da mutane suka watse, ya shiga cikin gida da ƙwai huɗu a hula. Ruƙayyatu tana zaune a bakin ɗaki. Wannan karon ba ta bari ya fara ba.

"Malam, shekara ashirin da biyat ban taɓa ce maka ka yi ƙarya ba, ko randa kac ce ka yi iyo daga nan hal Gaya da buhun gero bisa kai. Ban da komi na Inna sai abin da ac cikin hulag ga. In sunka mutu, ta mutu mani sau biyu."

Na-Allah ya ji kunya ta gaske, irin wadda bai saba da ita ba, ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya ce a hankali, "To, mi za a yi? Babu kuran, babu kaza."

"Akwai kai."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙoƙo da auduga da tsohon majanyin da ta goyi 'yarsu Munira da shi. Ta shimfiɗa auduga, ta jera ƙwai, ta ce ya ɗaga riga. Ta kifa ƙoƙon a kan cibiyarsa, ta zagaya majanyi sau biyu, ta ɗaure tamau a baya.

"Ke mi ya hana ki ɗaura?"

"Ni duƙe ni ka wuni bisa tukunya. Kai ko zamne kaka wuni, bakinka kaɗai ka aiki. Kai ka kashe uwassu, kai za ka zama uwassu. Lokacin salla ka kawo in riƙa maka. Kwana tara ya rage."

"In mutane sunka ji fa?"

"Daga bakina ba su ji. Kai dai ka tsare naka."

Haka Na-Allah ya shiga kwanci. Ya zuba babbar riga a tsakiyar zafin nan, ya datse firigon da ya ƙone da kwaɗo, yana gaya wa kowa inji yana aiki da ɗumin da ya adana. Tafiya ta koma ta a hankali, ƙafa a wawware, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a ƙasan ciki. Zem ya daina hawa. Barci a zaune, tari da dabara, atishawa kuwa sai ya rungume bango. In zai zauna a bencin Seydou sai ya daɗe yana saukowa.

"Wata nawa?" in ji Kadiri.

"Ƙiba ta. Hankalina ya kwanta."

"Ƙiba wuri guda? Wuyanka awa na zalɓe, ciki awa tulu?"

Kafin kwana uku zance ya gama unguwa cewa hayaƙin firigo ya kumbura wa Na-Allah ciki. Mata suka riƙa shigowa sannu. Salamatu, da ta ga kamar ruwan kifinta yana da hannu a ciki, ta kawo saiwa mai ɗaci a kwano, ta tsaya a kansa sai da ya shanye. Saiwar ta wanke ciki ce. Ranar nan Ruƙayyatu ta riƙi ƙoƙo fiye da sau biyar.

Ranar Laraba kuma sai ga Mamudu, abokinsa na ƙuruciya da ke zaune Gaya, wani ƙato mai sayar da fatu wanda ba ya gaisuwa sai da duka. Ya hango shi a teburin shayi, ya buɗe hannuwa.

"Na-Allah! Ashe arziki ya zo ba ka aiko ba! Dubi tumbi!"

"Mamudu, tsaya nan! Mura ni ka yi!"

Ina! Ya rungume shi ya ɗaga sama, ya dire, ya kawo tafin hannu ya ɗaka wa tumbin. Wani abu ya ce fus a ƙarƙashin riga. Ashe ɗaya daga cikin huɗun ya daɗe da lalacewa, jira kawai yake a taɓa shi. Warin ya tashi a hankali, ya bi benci. Seydou ya rufe tukunyar madara. Mai unguwa ya tuna yana da baƙi. Mamudu ya ja da baya yana toshe hanci, idonsa ya kawo ruwa don tausayi.

"Aboki, ka tai asibiti. Wanga ba na zama gida ba na."

"Lambatun ga na," in ji Na-Allah, ya miƙe ya nufi gida da 'yar sassarfa irin ta agwagwa.

Ruƙayyatu ta goge sauran ukun da tsumma mai ɗumi, ta canja auduga, ta mayar ta ɗaure. Washegari yana zaune a rumfarsa sai ya ji wani abu ya motsa a jikin fatarsa, kaɗan, kamar an taɓa shi da kan yatsa. Ya daina numfashi. Abin ya sake. Ranar nan har ya tashi bai koya wa kowa komai ba, Seydou ma sai da ya aiko a tambaya ko jikin ne.

Asabar ta zo. Shirin Na-Allah shi ne ya lallaɓa da sassafe ya mayar da ƙwan cikin firigo, in jama'a sun taru ya buɗe a ga aikin inji. Amma da ya dawo daga masallaci Ruƙayyatu ta nuna masa ɗaya ya tsage, ɗan baki ya leƙo.

"In ka sa su cikin akwatin gawan nan sanyi ya kama su, yau Garou ni ka kwana," ta ce, ta ƙara wa majanyin ƙulli.

Yana cikin lallashi ya ji sallama. Matan Toumboutou ba sa jiran rana ta yi zafi. Kafin hantsi ƙofar gida ta cika: mata da kwandunan ƙwan zabi a ka, 'yan teburin shayi, mai unguwa a kujera, 'yan zem sun kashe injinansu, har Mamudu ya ƙetaro gada don ya ga ko abokinsa yana da rai. An jawo firigo waje an kafa a inuwar dogon yaro.

Na-Allah ya ga babu mafita sai baki, bakin kuwa bai taɓa yashe shi ba. Ya hau kan benci da kyar, ya fara jawabi. Ya faro daga kolikwamen, ya bi ta kan jahilcin kaji, ya zagaya Turai, ya dawo. Nufinsa ya ja zance har rana ta kore su. A ƙarƙashin riga kuwa ana ta yaƙushinsa, yana magana yana murguɗa ƙugu.

"Saboda haka, jama'a, inji ba ya son gaugawa. Ƙila yau, ƙila..."

"Tsiyak."

Ya yi tari da ƙarfi. "Ƙila gobe..."

"Tsiyak! Tsiyak!"

"Sun hito!" in ji wata mata. Jama'a suka yi kan firigo. Kadiri bai nemi makulli ba, ƙyauren da wuta ta ci ya fizga kawai ya taho da kwaɗonsa. Ciki babu komai sai narkakkiyar roba, da furno, da wata tsaka da ta dube su ta gudu.

Aka yi shiru. A cikin shirun nan kukan ya sake tashi, kuma kowa ya ji daga inda ya fito. Kawuna suka juyo gaba ɗaya suka tsaya a kan cikin Na-Allah.

"Yunwa ta," ya ce. "Ban karya ba."

Mamudu ya matso, ya kama gefen babbar riga da yatsa biyu, ya ɗaga. Ga majanyin goyo mai zanen furanni, ga ƙoƙo, ga kuma wani ɗan kai ja ya leƙo ta saman ƙoƙon, daidai ƙasan ƙirjin malam, yana ƙifta ido.

Dariyar da aka yi ranar nan, masu kwale-kwale sun ce sun ji ta a bakin kogi. Mai unguwa ya faɗo daga kujera. Salamatu ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa. 'Yan zem suka dinga danna oda. Kadiri ya durƙusa yana dukan ƙasa, yana cewa, "Barka da arziki! Allah shi raya! Yaushe suna?"

Ruƙayyatu ta ratso taron, ba ta dubi kowa ba. Ta sassauta majanyi, ta zura hannu ta fito da ɗan tsako, ta sake zurawa ta fito da na biyu, wanda bai gama bushewa ba. Ta ɗora su a tafin hannu ta duba ƙafafun. Gajeru ne, duka biyun. Ta kai su jikin kumatunta, ta ce, "Inna," sai kuka ya ƙwace mata a gaban mutane, tana yi tana dariya. Matan Garou da suka san Kamila suka kewaye ta, wata tana cewa wallahi su ne, har jan.

Na-Allah ya ga hankali ya bar kansa, ya fara zamewa daga benci zai shige gida. Sai wata tsohuwa 'yar Toumboutou ta tare shi da kwandonta. Ita ba dariya take ba, tafiyar safe ta yi, kuma ta ga aiki da idonta.

"Malam," ta ce, "cikin naka ƙwai nawa shi ka ɗauka a zama guda? Talatin na kawo. Na zabi na, kwana ashirin da takwas."

Taron ya sake fashewa. Na-Allah ya kai hannu baya zai kwance majanyin ya jefar, Ruƙayyatu ta riƙe hannun.

"Zamna. Saura guda, ya tsage."

Ya dube ta, ya dubi jama'a, ya buɗe baki zai yi magana. Sai ya ji ɗan bugun nan a jikin cibiyarsa, ƙwas, ƙwas, a hankali. Ya rufe bakin. Ya koma kan benci a tsakiyar rabin Malanville, ya saki riga ta rufe ƙoƙon, ya tallafe shi da hannu biyu. Kadiri ya matso da wata sabuwar tsiya a bakinsa, Na-Allah ya ɗaga masa yatsa.

"Ku rage murya," ya ce. "Za ku hirgita shi."